Gishiri Mai Shuɗin Murfi

"Ban tambaye ki ko yana da daɗi a miya ba, Auta. Cewa na yi wa ya kawo shi gidan?"

Gwaggo ce, yayar Baba, tsaye a kaina a barandar asibiti da robar gishirin nan mai shuɗin murfi a hannu, tana girgiza ta kamar gishirin ne zai ba ta amsa. Yaya yana jingine da bango ya harɗe hannuwa. Tun da ya sauka daga mota da safe ko jakarsa bai sauke daga kafaɗa ba.

"Shi ne," na ce.

"Shi wa? Mazan garin nan ai duk shi ne."

"Mai kemis."

Gwaggo ta juya ta kalli Yaya, ta taɓe baki. Ta ce ita tun ranar da ta fara ganin yaron nan da farar rigarsa da gilashinsa ta san iyayi ya yi masa yawa, mai sayar da maganin tari ya wayi gari yana tsara wa mutane abin da za su ci. Yaya ya miƙa mata hannu. Ya karɓi robar, ya karanta jikinta har ƙananan rubutun da ke ƙasa, ya jefa a jaka ya ja zif. Na san yayana. Da faɗa ya yi da hankalina ya fi kwanciya.

Masu karatu, ban yi musu ƙarya ba, shi ya kawo. Sai dai rabin maganar na faɗa, sauran rabin na haɗiye. Bari in koma baya ku ji yadda aka yi, don ba ni da wanda zan gaya wa sai ku da ba ku san fuskata ba.

Mu biyu ne a gida, ni da Baba, shekara huɗu ke nan tun rasuwar Mama. Yaya yana aiki a wani gari, tafiyar awa bakwai, sai dai waya a ƙarshen mako. Gidanmu a bene na biyu yake, ɗaki uku da falo, kuma ɗaya daga ɗakunan har yau a rufe yake da kayan Mama a ciki. Da safe ina zuwa aiki a ɗakin karatu na wata makarantar 'yan mata, in jera littattafai in buga hatimi, ƙarfe biyu in dawo in ɗora tukunya. Ƙawayena wasu sun yi aure, wasu sun yi nisa, rukunin hirarmu na waya ya koma wurin tura hoton jarirai. Akwai ranakun da in ban da "sannu da zuwa" na Baba da "ki mayar da shi inda kika ɗauko" nawa ga ɗalibai, ba wata magana da ke shiga tsakanina da ɗan Adam.

Baba tsohon direban jirgin ƙasa ne, shekara talatin da ɗaya yana aikin. Har yanzu da agogo yake cin abinci, in na makara da minti biyar sai ya ɗaga hannu ya nuna mini agogon ya ce jirgi ya yi latti. Da hawan jini ya kama shi likita ya ce a rage gishiri sosai, daga nan muka shiga yaƙi. Zai ɗanɗana miya ya ture kwano, ya tambaye ni ko ruwan wanke tukunyar na zubo masa bisa kuskure. Wata rana na kama shi a kicin yana lasar gishiri a tafin hannu, ya ce dubawa yake ko ya lalace. Na yi dariya a gabansa, na shiga ɗaki na yi kuka, domin rigunansa sun fara yi masa yawa, kai ka ce na wani ya aro.

Shi kuma mai kemis, a kan ciwon kai muka haɗu. Kantin da yake aiki yana bakin titinmu, tsakanin mai gyaran waya da gidan burodi, ƙofar gilashi mai 'yar ƙararrawa a sama. Karo na uku a mako guda na je sayen maganin ciwon kai, sai ya riƙe kwalin bai miƙo mini ba. Ya tambaye ni kofi nawa na ruwa nake sha a rana, awa nawa nake barci, wa nake jinya a gida. Na ce wa ya ce masa ina jinyar wani. Ya ce a fuskata ya gani. Na fito ba magani, haushinsa fal cikina, amma har na hau bene ina tuna yadda yake tura gilashinsa sama da bayan yatsa. Na karanta labaran soyayya ba iyaka, a cikinsu namiji da furanni yake zuwa ko da mota mai sheƙi. Nawa da tambayoyi ya zo. A wayata Ciwon Kai na sa masa suna, har yau ban canja ba.

Abin da bai sani ba, kuma Yaya da Gwaggo ba su sani ba, shi ne wata takwas da suka wuce na raka Baba asibiti aka yi masa gwajin jini, likita ya ce ƙodarsa ta gaji, kashi ɗaya cikin uku na aikinta kawai take yi. Aka ƙara masa wata ƙwaya, aka ba mu ita a ambulan ruwan ƙasa mai hatimin sashen ƙoda a jiki. Aka kuma ba mu wata takarda ta abin da zai ci da wanda zai bari. Baba ya ninke ta ya cusa a aljihu don kada wani ya gani a gida, ban sake ganinta ba. Ni da ko takardar da aka ƙunso mini kaya a ciki sai na karanta, wannan ɗaya ban karanta ba.

A tashar bas ya kama wuyan hannuna.

"Daga ni sai ke sai Allah, Auta. Kin ji ko?"

Ya ce ya ga abin da aka yi wa wani abokin aikinsa da aka ce ƙoda ce, mutane suka riƙa zuwa gaishe shi da muryar ta'aziyya tun yana zaune yana shan shayinsa. Ya ce in Yaya ya ji, zai zo ya naɗe shi kamar katifa ya kai shi ɗakin baya na gidansa, inda ko tagar kallon titi babu. Na yi masa alkawari. In faɗa muku gaskiya har wani daɗi na ji, wai duk duniya ni kaɗai Baba ya yarda da ita.

Da maganarmu da mai kemis ta yi ƙarfi, ya kai ni in gaishe da mahaifiyarsa. Doguwar riga ruwan toka na sa, sau biyu na goge ta, na yafa mayafin Mama mai ƙananan duwatsu a baki. Matar ta karɓe ni da fara'a, ta cika mini gaba da lemo da biskit. Cikin hira, tana juya zoben hannunta, ta tambaye ni ciwon me ya yi ajalin Mama. Na faɗa mata. Ta ce Allah ya jiƙanta, shi kuma Baba hawan jinin ne kawai ko akwai wani abu a ƙasa? Domin su a danginsu, alhamdu lillahi, ba su san cututtukan nan da ake gado ba, kuma uwa dole ta yi wa jikokinta tunani tun ba su zo ba. Na ce hawan jini ne kawai. Na ajiye lemon ban ƙarasa shi ba.

Bayan kwana uku, ina yanka albasa, saƙonsa ya shigo.

*An kawo mana wani gishiri a kanti, an rage masa gishirin da muka sani an cika da wani sinadari, potasiyam. Yana sauke hawan jini kaɗan, kuma yana da ɗanɗano, Baba zai janye yajin cin abincinsa. Amma sai kin amsa mini tambaya biyu.*

*Ina ji, Malam Tambaya.*

*Ƙodarsa lafiya? Likita bai taɓa cewa komai a kanta ba? Sannan ki ɗauko mini hoton magungunan da yake sha. Duka fa.*

Na ajiye wuƙar. Wallahi ban ga abin da ya haɗa gishirin masu hawan jini da wannan tambaya ba. Muryar mahaifiyarsa kawai na ji a kunnena. Na ce a raina, wato ita ta turo shi, an rasa ta inda za a ɓullo mini sai ta gishiri. Raina ya ɓaci, tsoro ya kama ni, ga kuma alkawarin Baba. Na shiga ɗakinsa, na ɗauke ambulan ɗin nan mai hatimi daga kan tebur na tura ƙarƙashin matashi, na jera sauran kwalaye biyun a kan farin zanen gado, har da gyara musu zama don su yi kyau a hoto.

*Lafiya lau take,* na rubuta.

*Kin tabbata? Abin yana da muhimmanci.*

*Maƙaryaciya ka ɗauke ni ke nan?* Na haɗa masa da fuskar dariya guda biyu.

Ya turo mini zuciya. Washegari ya hawo benenmu da robar a leda, ya durƙusa ya gaishe da Baba ya miƙa masa da hannu biyu.

Sati shida muka yi cikin wani daɗi da na manta akwai irinsa. Baba ya cinye shinkafarsa ya nemi ƙari. Na'urar awon jini da ta saba nuna ɗari da saba'in ta sauko ɗari da hamsin da 'yan kai, Baba ya sa na ɗauki hotonta na tura wa "likitanmu na bakin titi". Ranar Asabar yakan zo su zauna a falo, Baba yana ba shi labarin jiragen da ya tuƙa da shanun da suka taɓa tare masa hanya, ni ina kicin ina sauraron dariyar maza biyu a gidan da ya shekara huɗu bai ji ta ba. Har wankin kwano nake ja da tsawo don kada in shiga in katse su.

Ni kuma da na ji an ce gishirin magani ne, sai na saki hannu. Inda nake zuba rabin cokali na koma cokali guda har da ɗori. Baba ya ɗauke robar ya ajiye kusa da kujerarsa, yana barbaɗawa a kan ƙwai, a kan dankali, har a kan ɗanyen tumatir. Ranar komawarsa sashen ƙoda ta zo, ya ce mutumin da jininsa ya sauka me zai je nema a layin asibiti. Na bar shi.

Ƙafafunsa suka fara nauyi, ya ce tsufa ne. Ya ce yana jin kamar tururuwa na tafiya a leɓɓansa, na ce ko sanyin fanka ne. Ranar Talata da safe, ina gyara mayafi zan fita aiki, na ji kofin shayi ya fashe a falo. Na same shi a kujera, hannunsa a sake, yana kallona, yana son ya tashi ƙafafun sun ƙi. Na ɗaura masa na'urar awon jinin. Bugun zuciyarsa talatin da takwas kacal a minti.

Maƙwabcinmu na ƙasa ne ya kai mu a motarsa. Sauran abin da ya faru guntu-guntu nake tuna shi: wayoyi a ƙirjin Baba, allura bayan allura, wata nas tana cewa in matsa, injin da aka jona masa ya wanke masa jini. Da rana likitar, wata mace mai furfura a gaban goshi, ta zaunar da ni ta ce potasiyam ɗin jininsa ya haura bakwai, alhali bai kamata ya wuce biyar ba. Ta sa na lissafo mata duk abin da yake ci. Da na zo kan gishirin sai ta rufe ido, sannan ta sa aka aiki maƙwabcinmu ya ɗauko robar.

A hankali ta yi mini bayani, ba faɗa. Ta ce gishirin ba guba ba ne, masu hawan jini da yawa yana yi musu amfani, ita ma da shi ake girki a gidanta. Lafiyayyar ƙoda tana fitar da rarar potasiyam a fitsari ba tare da mutum ya ma sani ba. Amma ƙodar da ta gaji ba ta iya fitar da shi, ga kuma ƙwayar da ke cikin ambulan ɗin nan, ita ma riƙe shi take yi a jiki. Sai ya yi ta taruwa shiru, ba zafi ba zazzaɓi, har ya kai inda zuciya za ta fara tuntuɓe. Da mun ƙara awa biyu a gida, in ji ta, da yanzu wani zancen ake yi. Ta ƙara da cewa duk wanda ya san aikinsa, kafin ya ba mutum wannan gishiri sai ya tambayi lafiyar ƙodarsa. Na ce haka ne. Iyakar abin da na ce ke nan.

Washegari Yaya ya iso, Gwaggo ta biyo bayansa, likita ta gaya musu zancen ƙodar. Yaya ya tambayi Baba wa ya sani. Baba, da robar iska a hanci, ya ce babu, shi kaɗai yake zuwa asibiti, shi kaɗai yake shan ƙwayarsa a ɓoye. Ko inda nake bai kalla ba. Daga nan ne Gwaggo ta tsare ni a baranda.

Ban gaya wa mai kemis muna asibiti ba, a bakin maƙwabcinmu ya ji. Da la'asar sai ga shi a ƙarshen baranda, ko farar rigar bai tsaya cirewa ba, filas a hannu ɗaya, ledar tuffa a ɗayan. Yaya ya tare shi tun kafin ya iso ƙofa. Bai ɗaga murya ba. Ya ciro robar ya nuna masa, ya gaya masa abin da likita ta ce. Ina kallo fuskarsa ta canja da ya ji an ambaci ƙoda.

"Ka tambaya kafin ka kawo?" in ji Yaya.

Ya kalle ni ta saman kafaɗar Yaya. Jira yake yi, irin jiran da yake wa mai saye ya tuno sunan maganinsa. Ni kuwa na sunkuyar da kai ina kallon wani tayil da ya tsage kusa da silifas ɗina.  Sai na ji ya ja numfashi.

"Ni na kawo shi," ya ce. "Allah ya ba Baba lafiya."

Ya ajiye filas ɗin da ledar a kan benci ya juya. Gwaggo ta ce a zubar da ko mene ne a ciki.

Ranar Alhamis da hantsi aka aike ni gida in ɗauko wa Baba kayan sawa. Falon yana nan yadda muka bar shi, fasasshen kofi a ƙasa, shayin ya bushe a tayil ƙudaje na bi, silifas ɗin Baba ɗaya a nan ɗaya a can. Na share na goge, na ninke riguna uku da tawul na sa a jaka, sannan na zauna a kujerarsa ta bakin taga. Firij yana ta gurnaninsa, a ƙasa motoci suna wucewa, kowa da inda za shi. Na buɗe wayata na karanta hirar nan ta sati shida baya, har fuskokin dariyar nan biyu suka koma yi mini gwalo. Yatsana ya je kan gogewa ya dawo. Ko na goge tawa ai tasa tana nan.

Na rubuta *Ka yi haƙuri,* na goge. Na rubuta dogon bayani, da zancen mahaifiyarsa da zoben da take juyawa, da alkawarin tashar bas, na tura kafin in canja ra'ayi. Alama ta nuna ya karanta. Sai bayan minti ashirin ya amsa.

*Yaya jikin Baba?*

*Da sauƙi. Ka karanta abin da na rubuta?*

*Na karanta. Mamata ba ta san na yi miki wannan tambayar ba. Kowa nake yi wa ita, ko wanda ban taɓa gani ba.*

*Me ya sa ba ka nuna wa Yaya saƙon ba?*

*Ke ya kamata ki faɗa, ba ni ba.*

Daga nan bai ƙara komai ba. Na zauna ina kallon wayar har fuskarta ta mutu, na kunna, ta sake mutuwa. Da zagina ya yi da na samu abin riƙewa.

A hanyar komawa na bi ta gaban kantin, na tsaya a tsallaken titi da jakar kayan Baba a hannu. Maigidan kantin ne da kansa a kan kanta. Shi kuwa can ciki na hango shi ta ƙofar sito, ba farar riga, yana ɗaga kwalaye yana jerawa. Mai gyaran waya ya gan ni ya tsallako, ya ce ai yayana ya zo da sassafe an yi magana mai zafi, maigidan ya ce kada ya sake ba kowa ko da maganin mura ne sai an gama bincike. Shi mai kemis shekara biyar ya yi yana karatun aikin nan, ya taɓa gaya mini, biyu daga ciki yana aikin gadi don ya ƙarasa. Mai gyaran waya ya tambaye ni ko ya kira mini shi. Na ce sauri nake yi.

Ranar Juma'a aka mayar da Baba babban ɗakin majiyyata, gado na uku, kusa da taga. An cire masa robar hancin, har ya fara ƙorafin abincin asibiti, ya ce nawa na da ma ya fi shi. Gwaggo ta fita alwala, Yaya ya ce zai je ya buga wata takarda ya dawo. Baba ya sa na ja labule.

"Yaron nan ko ruwan sha zai ba ka sai ya tambaye ka sunan kakanka," ya ce. "Ya tambaye ki, ko?"

Na gyaɗa kai. Hawayen da na kwana uku ina dannewa suka zubo a kan bargonsa.

Ya ce laifinsa ne, shi ya ɗaure mini baki, kuma zai nemi gafarar Allah a kai. Amma in yi shiru. Shi yaron namiji ne, yana da takardunsa, in an kore shi a nan zai samu wani wurin, in ma garin ya yi masa zafi sai ya canja gari. Ya ce zai yi masa addu'a, in ya tashi zai je har gida ya ba shi haƙuri a asirce.

"Kin san yayanki, Auta. In ya ji wata takwas kina kallonsa a waya kina ce masa lafiya lau, ya gama da ke. Ni kwana nawa ya rage mini? In na tafi shi kaɗai gare ki."

 Mutumin da ya shekara talatin da ɗaya bai taɓa tsallake jar fitila ba, yau shi ke roƙona in bar wani ya ɗauki laifina, kuma saboda ni yake yi. Na zuba masa ruwa a kofi daidai layin da nas ta nuna, na riƙe masa ya sha. A raina ina ta juya abin. Gaskiyar Baba ce, Yaya ba ya mantuwa, akwai ɗan kawunmu da ya yi masa ƙarya sau ɗaya tun suna makaranta, har yau gaisuwa ce kawai tsakaninsu. Shi kuma wancan, ko na faɗa, wa ya ce zai sake kallona? Na riga na bar shi tsaye a baranda da filas a hannu. In na yi shiru Yaya ya rage mini. In na yi magana, wataƙila ba wanda zai rage.

Yaya ya dawo da takarda shafi biyu a farar roba, Gwaggo tana bayansa tana gyara ɗaurin ɗankwali. Ya ja labulen ya zauna a bakin gado. Ƙorafi ne zuwa ga hukumar da ke ba masu kemis lasisi. Ya karanta mana a hankali, da kwanan wata, da sunan gishirin, da adadin da aka samu a jinin Baba. Da ya zo wani layi sai ya rage gudu: ba tare da ya yi wata tambaya a kan lafiyar majiyyacin ko magungunan da yake sha ba. Ya ce ba mugunta ce ta sa shi ba, gobe wani tsohon zai ba, wanda ba shi da maƙwabci mai mota. Sannan ya juyo da shafi na biyu wajena, ya ɗora a kan teburin cin abincin Baba, ya ajiye biro a kai.

"Ke kika karɓa a hannunsa, ke kika yi girki da shi. Sa hannu a nan, wurin shaida."

Gwaggo ta ce in sa mana in rabu da alaƙaƙai, maza ba su ƙare ba, ita da kanta za ta samo mini wanda ya san iyakarsa. Yaya ya dafa kafaɗata, abin da rabonsa da yi tun ranar da aka binne Mama. Ya ce ya san ina son yaron, ya san da ciwo, kuma ba wanda ya ga laifina, ni ma cutata aka yi.

Na ɗauki biron. Ya riga ya buga sunana a ƙarƙashin layin, da manyan baƙaƙe. Na kalli Baba, ya lumshe ido ya ɗan gyaɗa mini kai. A gadon da ke kusa wani yana tari, wata nas ta wuce tana tura keken magani. Hannun Yaya yana nan a kafaɗata, da ɗuminsa.

Na mayar da biron kan tebur.

"Ba zan sa ba, Yaya."

Ya janye hannunsa.

"Ya tambaya. Sau biyu ya tambaye ni, har hoton magunguna ya nema. Ni na ɓoye na ƙodar a ƙarƙashin matashi na ce masa lafiya lau. Na san da ciwon tun wata takwas, ni na raka Baba asibitin."

"Auta," in ji Baba, can ƙasa-ƙasa.

Gwaggo ta dafe ƙirji ta nemi kujera. Yaya bai motsa ba, kallona kawai yake kamar yau ya fara ganina. Na ciro wayata, na buɗe hirar, na ɗora a kan takardarsa. 

"Ga shi nan, ka karanta. In ka gama ka ba ni, kantin zan tafi yanzu in faɗa wa maigidansa da bakina, ko ka raka ni ko in tafi ni kaɗai."